Feret: Mafaraucin Zomo da Ya Koma Ɗan Gida

Mutanen tsibiran Mayorka da Minorka, waɗanda ke cikin tekun Bahar Rum gabas da Sifaniya, sun taɓa tura jakadu birnin Rum da wani irin kuka da fada ba ta saba ji ba. Zomaye ne suka hana su sakat. Sun cinye shuka, sun rarake ƙasa har itatuwa suna faɗuwa, gidaje suna ruftawa. Strabo, masanin ƙasashe ɗan Girka da ya yi zamani da Sarki Augustus, ya ce mutanen sun roƙi a ba su wata ƙasa su yi ƙaura. Pliny Babba, wanda ya zo bayansa, ya ce sojoji suka nemi sarkin ya aiko musu. Dukansu biyu kuma sun ambaci maganin da mutanen yankin suka fi dogara da shi: wata 'yar dabba doguwa, siririya, mai gajerun ƙafafu, wadda ake sa wa takunkumi a tura ta cikin rami, ta koro zomaye waje inda mafarauta ke jira. Strabo ya ce daga Libiya ake samo ta, wato Arewacin Afirka a bakin mutanen wancan zamani.

Wannan ita ce dabbar da yau ake kira feret, wadda ke kwana cikin lilon ƙyalle a ɗakunan Amurka da Jamus da Japan, ana kai ta asibiti, ana yi mata fasfo. Shekara 2,000 da suka shige tsakanin ramin Mayorka da wancan lilon su ne suka tsara kusan duk abin da mai kiwonta yake bukatar sani, domin matsayinta a gida ya canza amma jikinta yana nan yadda mafarauta suka bar shi.

Asalin feret wata dabbar daji ce ta Turai mai wari, wadda ke cin ɓeraye da kwaɗi da zomaye, kuma har gobe idan suka haɗu suna barbara su haihu. Dangi ɗaya suke da bodarin ƙasar Hausa, shi ya sa shi ma yake da 'yan jakunkuna biyu a gindin wutsiya da yake sakin ɗoyi da su idan ya firgita. Namiji kan kai kilo 2, mace sau da yawa ba ta cika kilo 1 ba. Bayansa yana lanƙwasuwa ta kowace fuska, ta yadda zai iya juyawa cikin ramin da faɗinsa bai wuce jikinsa ba. Ganinsa ba shi da ƙarfi, hanci da kunne ne jarinsa. Mafarauta sun fi son fari mai jan ido, don kowa zai hango shi idan ya ɓullo cikin ciyawa, karnuka kuma ba za su ɗauke shi zomo ba.

Duk inda zomon Turai ya je, feret na biye. Wannan zomo ya bambanta da na dajin ƙasar Hausa, wanda ke laɓewa a gindin ciyawa ya dogara da gudu. Na Turai rami yake haƙawa, dangi guda su zauna a ƙarƙashin ƙasa cikin hanyoyi masu ƙofofi barkatai. Kare ba ya iya shiga, kibiya ba ta iya kaiwa. A ƙarni na 12, bayan Normandawa sun ci Ingila, masu mulki suka fara kiwon zomaye a can cikin gandu na musamman, wasu ma har da tudun ƙasa da aka tara musu don su yi rami. Naman zomo a lokacin abincin manya ne, gashinsa kuma ana yi wa riguna ado da shi. Kowane gandu yana da mai gadinsa, kuma kayan aikin mai gadin su ne raga da kare da feret. A Thetford, cikin lardin Norfolk, har yanzu akwai wani gini na dutse da shugaban gidan ibadar Kirista na garin ya gina wajen shekarar 1400 don mai gadin zomayensa. Bangonsa mai kauri ne, yana da tagogin harba kibiya, abin da ke nuna irin ɓarayin da ake tsammani da irin darajar abin da ake gadi.

Masu zane na wancan zamani sun bar shaida. A cikin wani littafin addu'o'i na farkon ƙarni na 14 da ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya, an zana wata mace tana tura feret cikin rami, wata kuma ta tsare ɗaya ƙofar tana jiran zomo. Gaston Phoebus, hakimin Foix da ke kudancin Faransa, ya soma rubuta littafinsa na farauta a 1387, kuma ya sa wannan sana'a a ciki.

Daga nan feret ya shiga siyasa. A tawayen talakawan Ingila na 1381, mutanen garin St Albans sun kama zomo mai rai suka ɗaure shi a gungumen da ake ɗaure masu laifi a kasuwa, don su nuna cewa sun ƙwace 'yancin farauta daga hannun shugaban gidan ibadar da ke mulkinsu. Bayan an murƙushe tawayen, majalisar Sarki Richard na Biyu ta kafa doka a 1390: duk wanda ba shi da ƙasar da ke kawo masa sule 40 a shekara, da duk limamin coci da abin da yake samu bai kai fam 10 ba, ba shi da ikon ajiye karen farauta ko amfani da feret da raga. Wanda ya karya dokar zai sha ɗaurin shekara guda. Hujjar da aka rubuta ita ce leburori da masu sana'a suna fakewa da farauta a ranakun ibada suna ƙulla makirci. Dokar dai ta nuna abin da manya suka gane sarai, cewa talakan da ke da feret ya sami hanyar cin nama ba tare da izininsu ba.

Hanin bai yi aiki ba. Feret ba ya haushi, yana shiga aljihun riga, abincinsa ɗan kaɗan ne, don haka ya zama abokin mai farautar dare na tsawon ƙarnuka. A hankali zomaye suka tsere daga gandu suka cika karkara, suka tashi daga dukiyar sarakuna suka koma annobar gona. A 1880 majalisar Birtaniya ta ba manoma 'yan haya ikon kashe zomayen da ke gonakin da suke nomawa, ko mai ƙasa ya so ko bai so ba. Daga nan keji na katako a bayan gida ya zama ruwan dare a ƙauyuka da garuruwan masu haƙar kwal.

Yadda ake aikin bai canza sosai ba tun zamanin Strabo. Ana fita da sanyin safiya a watannin hunturu, lokacin da zomaye ba su da 'ya'ya. Mafarauci zai bi ƙofofin ramin ɗaya bayan ɗaya yana shimfiɗa ƙaramar raga mai zarge, yana kafe ta da turke, ba magana, ba taka ƙasa da ƙarfi, domin zomon da ya ji motsi a sama gara ya tsaya ya fuskanci feret da ya fito. Sai a saki feret. Can za a ji dukan ƙafa a ƙarƙashin ƙasa, zomo ya fito a guje ya faɗa raga, zargen ya rufe. Matsala tana zuwa ne idan feret ya ritsa zomo a lungun da ba mafita, ya kashe shi, ya ci ya ƙoshi, ya kwanta barci. Dole a ɗauko shebur. Mutanen da suna tura wani ƙaton namiji da igiya a wuyansa, an yi mata ƙulli a kowane yadi, don a san nisan da za a haƙa. Yanzu 'yar na'ura ake ɗaura masa a wuya, mafarauci yana bin ƙararta daga sama.

Tsoron wannan haƙan ne ya haifar da mugayen al'adun da suka daɗe a sana'ar. Wasu kan ɗinke wa dabbar leɓe kafin su tura ta rami, wasu su karya mata fiƙoƙi, da yawa kuma su hana ta abinci tun jajibiri wai don ta yi kuzari, alhali yunwar ce ke sa ta kisa da ci. Abincin yau da kullum a yawancin gidaje burodi ne da aka jiƙa da madara. Dabbar da Allah ya halitta don cin nama zalla, wadda cikinta ba ya narkar da madara, ta rayu cikin gudawa da ruɓewar haƙori, cikin kejin da ba a cika wankewa ba. Sunan da feret ya yi a Ingila na ƙazami mai cizo, akasarinsa daga wannan riƙon sakainar kashi ya fito. Ƙwararrun masu gandu sun san haka tuntuni, shi ya sa suke ba nasu ɗanyen zomo da gashinsa da ƙashinsa, suna riƙe su a hannu tun suna ƙanana.

Kuskure mafi girma a tarihin wannan dabba a New Zealand aka tafka shi. Turawan da suka zauna can sun kai zomaye, kafin shekarun 1870 zomayen sun cinye makiyayar tumaki. Masu tumaki suka matsa wa gwamnati ta kawo maƙiyin zomo. Masana tsuntsaye, irin su Alfred Newton na Jami'ar Cambridge da Walter Buller na can ƙasar, sun yi gargaɗi cewa tsibiran cike suke da tsuntsayen da ba sa tashi, waɗanda ba su taɓa sanin irin wannan mafarauci ba. Aka yi kunnen uwar shegu da su. Daga 1879 zuwa cikin shekarun 1880 aka saki dubban feret tare da wasu 'yan uwansu biyu na daji, doka ma ta ba su kariya, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 1936. Zomaye ba su ƙare ba. Feret kuwa ya zama ɗan daji, yana kashe tsuntsun kiwi har manya, yana kuma ɗauke da tarin fuka na shanu. A 2002 gwamnati ta hana sayar da shi da hayayyafa shi don kiwon gida, kuma yana cikin dabbobin da wani shiri da gwamnati ta ƙaddamar a 2016 ya ƙuduri kawar da su kafin 2050.

A Amurka ɓera ya fi zomo ba shi aiki. Masu rumbunan hatsi, injinan niƙa da jiragen ruwa suna sayensa, har garin New London na jihar Ohio ya yi suna a farkon ƙarni na 20 da gonakin da ke aika dubbai ta jirgin ƙasa zuwa ko'ina. Gubar ɓera ta zamani da ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kashe kasuwar.

Kafin nan wata ƙofa ta riga ta buɗe masa a Landan. A shekarun 1920, Patrick Laidlaw da George Dunkin suna binciken distemfa, cutar da ke kashe karnuka, a Mill Hill, sai suka lura ba dabbar da cutar ke kamawa da sauri kamar feret, kusan duk wanda ta kama mutuwa yake yi. Saboda haka akwai feret da yawa a wurin lokacin da annobar mura ta ɓarke a 1933. Laidlaw da Wilson Smith da Christopher Andrewes suka ɗebi ruwan kurkurar maƙogwaron marasa lafiya, suka tace, suka ɗiga a hancin dabbobin. Cikin kwanaki kaɗan suka fara zazzaɓi da atishawa. Ta haka aka fara ware ƙwayar cutar murar ɗan'adam, wadda ta hallaka miliyoyi a 1918 ba tare da an san ko mece ce ba. A 1936 wani feret marar lafiya ya yi wa likita Charles Stuart-Harris atishawa a fuska, likitan ya kwanta, aka tabbatar cutar tana tafiya ta kowane ɓangare. Har yau da feret ake gwada sababbin nau'o'in murar tsuntsaye. Darasin mai kiwo a nan biyu ne: idan mura ta kama shi ya nisanci dabbarsa, kuma kada ya yi wasa da allurar distemfa, domin ana iya kwaso ƙwayar a tafin takalmi.

Son shiga rami ma ya samar masa aikin injiniya. A 1971 masu gina babbar na'urar binciken kimiyya da ke Batavia a jihar Illinois, wadda daga baya aka sa wa suna Fermilab, sun rasa yadda za su share ɓarɓashin ƙarfe daga cikin siraran bututai. Suka sayi wata mace da dala 35, suka raɗa mata suna Felicia. Takan ja zare ta ratsa bututu mai tsawon kusan mita 90, sannan a ɗaura tsumma a zaren a jawo.

A 1953 wata cutar zomaye ta shiga Birtaniya ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen daji. Mafarauta da yawa suka watsar da sana'ar. Zomaye sun farfaɗo daga baya, sana'ar ma ta dawo, amma daga wannan lokaci makomar feret ta fara karkata zuwa cikin gida. Amurkawa ne suka ja gaba a shekarun 1980. Fim ɗin The Beastmaster na 1982, inda wasu feret biyu ke yi wa jarumin sata, ya sa mutane da yawa sha'awarsa, sannan a 1990 aka amince da allurar haukan kare da ta dace da shi, abin da ya sa jihohi da dama suka sassauta dokokinsu. Yawancin waɗanda ake sayarwa a shagunan Amurka daga gonar Marshall suke fitowa, wadda aka kafa a jihar New York a 1939. Ana gane su da ɗigo biyu na tawada a kunne: ɗaya alamar an yi fiɗiya, ɗaya alamar an cire jakunkunan wari, duka tun suna 'yan makonni.

Fiɗiyar tana da dalili mai ƙarfi. Macen feret takan shiga neman barbara idan rana ta fara tsawo, wajen watan Maris a Turai, kuma ba ta fita sai an barbare ta. Idan aka bar ta haka wata da watanni, sinadarin da jikinta ke fitarwa yana kashe ɓargo, jini ya ƙare, ta mutu. Tsofaffin mafarauta sun san haka, shi ya sa suke cewa mace ko ta haihu ko ta mutu. Cikinta kwana 42 ne, kuma takan haifi kamar takwas, don haka haihuwa kowace shekara ba mafita ba ce ga mai ɗaki ɗaya. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Feret ɗin gida suka fara zubar da gashi daga wutsiya zuwa gadon baya, wasu mazan fitsari ya riƙa gagararsu. Wani bincike da Nico Schoemaker da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Utrecht ta Holan, aka buga a 2000, ya nuna alaƙa tsakanin lokacin da aka yi fiɗiya da lokacin da ciwon ke bayyana. Idan aka cire gaɓoɓin haihuwa, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da aika saƙo, sai wasu 'yan ƙulluttai da ke saman ƙoda su ɗauki aikin, su kumbura, wani lokaci su zama ƙari. Likitoci suna kuma zargin hasken lantarki da ke tsawaita yini a cikin ɗaki. Yanzu a Turai da yawa sun koma ga wani ɗan magani da ake dasawa a ƙarƙashin fata, wanda ke dakatar da haihuwa ba tare da wuƙa ba, wasu kuma suna ajiye namijin da aka ɗaure wa jijiyar maniyyi, ya barbari matan ba tare da ciki ya shiga ba.

Zancen abinci ma bai ƙare da burodi da madara ba. Hanjin feret gajere ne, abin da ya ci yana fita cikin awa uku zuwa huɗu, don haka yana bukatar nama mai kitse sau da yawa a yini. Hatsi, 'ya'yan itace da kayan zaƙi ba nasa ba ne ko da ya nuna kwaɗayi. Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kama shi idan ya haura shekara uku shi ne ƙari a gaɓar da ke samar da insulin, wanda ke sa sukarin jini ya faɗi, dabbar ta yi ta dalalar da miyau, ƙafafun baya su saki. Likitoci da dama suna ɗora laifin a kan busasshen abincin kanti mai yawan gari. Ke nan mai gadin gandun Thetford da ke jefa masa zomo sukutum ya fi mai sayen kwali mai kyan hoto kusa da gaskiya.

Sauran hidimar kuwa haƙuri take ci. Feret yana barcin awa 14 zuwa 18, amma idan ya farka dole a buɗe masa keji na wasu awoyi kowace rana, ya yi tsalle, ya yi kokawa da ɗan uwansa, don ya fi jin daɗi idan su biyu ne. Duk ramin da kansa ya shiga, jikinsa zai bi: bayan firiji, cikin kujera, injin wanki, bututun ruwa. Yana kwashe makulli da safa ya ɓoye, yana tauna roba da soso, kuma toshewar hanji na cikin abubuwan da suka fi kai ƙanana ɗakin tiyata. Ba a barinsa shi kaɗai da jariri, ba a haɗa shi da kaji ko tantabaru. Idan ya sami kulawa yakan yi shekara shida zuwa goma. Warinsa kuma yawanci daga maiƙon fata yake fitowa, saboda haka cire jakunkunan nan bai rage komai sosai ba, yawan wanka ma ƙara shi yake yi. Wanke shimfiɗa shi ne magani. A Ingila doka ta hana cire jakunkunan sai don rashin lafiya, kuma wannan hukunci ne mai kyau da ya kamata Amurka ta koya.

Hukumomi har yau ba su daidaita a kansa ba. Tarayyar Turai tun 2004 ta jera shi da kare da kyanwa cikin dabbobin da ake ba fasfo su ƙetare iyaka. Kaliforniya ta hana kiwonsa tun 1933, Hawaii ma ta hana, haka jihar Queensland a Ostireliya. Birnin New York ya haramta shi a 1999, aka sake duba batun a 2015, haramcin ya tsaya.

Bidiyon feret yana tsalle-tsalle yanzu yana kaiwa wayoyin matasa a Kano da Maradi kamar yadda yake kaiwa ko'ina, kuma sha'awar dabbobin ƙetare tana ƙaruwa. Wanda abin ya burge ya kamata ya san cewa wannan dabba ba ta iya yin gumin da zai sanyaya mata jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 rayuwarta tana cikin haɗari. A Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ɗaukewar wuta ta yini ɗaya ta isa ta kashe ta a cikin keji. Ga distemfa a jikin karnukan unguwa, ga kaji a tsakar gida. Kawo feret wannan yanki zalunci ne ga dabbar da asara ga mai ita, kuma mai neman abin da zai kama masa ɓera, kyanwa ta ishe shi.